Rigar Fatar da Ta Faɗa Rafi

Akwai wani mutum a wani ƙauye na ƙetaren rafi, yana da babur guda, yana kuma da ƙane guda. Da babur ɗin yake ci da iyalinsa. Shi ke kai buhunan citta kasuwa, shi ke ɗauko malamin makaranta ran Litinin, in kuma ciwo ya tsananta wa wani, ƙofarsa ake bugawa. Mutumin kirki ne, ba wanda zai ce maka ba haka ba. Sai dai yana da zafi. In ya ga abu ya karkace ba ya iya haɗiye tuwo sai ya miƙe shi, kuma yau yake so ya miƙe, ba gobe ba.

Kayan hawansa uku ne: hular kwano, da safar hannu ta fata, da wata baƙar rigar fata mai kauri wadda ya saya a gwanjo shekarar da aka haifa masa 'yarsa ta fari, Tabita. Yana ƙaunar rigar nan ƙwarai, kuma da dalili. Sau biyu yana faɗuwa a kan tsakuwa, sau biyu rigar tana karɓar ƙujewar, shi kuwa ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ya yi gaba.

Kowace Asabar da la'asar akan raba aiki a gidan. Shi yakan fitar da babur ƙofar gida ya wanke, ya ɗaure abin da ya kwance, ya ɗiga wa sarƙa mai. Matarsa kuwa takan zauna a rumfa da kayan hawan a gabanta. 'Yar baduku ce, cikin fatu ta girma. Takan goge gilashin hular da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi, ba ta taɓa sa busasshe, domin yashin da ya manne zai karce shi. Takan ciro soson cikin hular ta wanke gumin mako guda, ta shanya. Sa'an nan ta jawo rigar da safar, ta share su, ta lakato man kaɗanya kaɗan a kan yatsa ta bi su lungu-lungu tana 'yar waƙarta. Shekara goma sha huɗu ana haka, ƙarfe nasa, fata nata. Mutumin nan ya san kowane noti na babur ɗinsa, amma bai taɓa tsayawa ya ga abin da ake yi a rumfa ba. Har yakan shafa rigar ya ce, “Kai, na iya saye. Rigar nan ba ta tsufa.” Matar sai ta yi murmushi ta rufe kwalbar manta.

Ƙanen kuwa manomi ne, magidanci, mai raha, mai daɗin murya. A dā burukutu ya so ya cinye shi. Amma shekara uku ke nan da ya tuba ya bar sha, ya shiga ƙungiyar mawaƙa ta ikilisiya. Ba wanda ya kai wansa murna da wannan. Duk wanda ya hau bayan babur ɗinsa sai ya sha labarin ƙanensa kafin a sauke shi, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Matar wan ma tana ji da shi. Tana kiransa ƙaramin miji, shi kuma yana kiranta uwar tuwo, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Sai ya zama wata ranar Alhamis, a tsakiyar marka, zazzaɓi ya kwantar da mai babur. Ƙanen ya zo aron babur domin ya sayo taki a kasuwa. Wan ya ba shi, ya kuma ba shi hular da safar da rigar, ya ce, “Sa su duka. Ba na son ka dawo mini da rauni.”

A gefen kasuwa ƙanen ya ci karo da abokansa na dā, suna zaune gindin ɗorawa da tulunsu a tsakiya. Suka yi masa maraba, suka ce ai ƙoƙo ɗaya ba ya kashe mai bi. Ƙoƙo ɗaya ya haifi na biyu, na biyu ya haifi waɗanda bai ƙirga ba. Da ya kamo hanyar gida, rana ba ta faɗi ba tukuna, ya tarar rafi ya kawo ruwa. Mutane na tsaye a bakin mashigi suna jira ya janye, suka ce masa ya dakata. Bai dakata ba. Ruwa ya kayar da shi, ya birkiɗa shi cikin laka, sai da maza huɗu suka shiga suka jawo shi, shi da babur ɗin. Rabin ƙauyen na wurin. Sun ga abin da ya faru, hancinsu kuma ya gaya musu dalili.

Ya turo babur ɗin har ƙofar gidan wansa, ya ɗora hular da safar a kan bangon da ke kusa da randa, ya sulale ba sallama. Rigar kuwa, da ya ga yadda laka ta yi mata, bai iya mayar da ita ba. Ya cusa ta a buhu, ya ɗaure bakin, ya tura ƙarƙashin rumbunsa.

Kashegari da safe zazzaɓin ya saki mai babur, labari kuma ya kama shi. Ya fita wurin babur ɗin, ya tsiyaye man da ruwa ya shiga, ya zuba sabo. Ya kwance fulogi, ɗan ƙarfen da ke ba inji wuta, ya kawo shi bakin murhu, ya ɗora a kan garwashi har ya yi zafi ya bushe, kamar yadda kowane mai babur ya sani. Ya mayar, ya taka sau uku, babur ya tashi da ƙara. Sai ya gyaɗa kai ya ce a ransa, “Abin da ruwa ya ɓata, wuta ke gyarawa.”

Da wannan tunani ya juyo kan sauran kayan. Matarsa ta tafi rijiya. Ya duba kan bango, ya sami safa ta hannun dama kaɗai, jiƙe sharkaf. Ya matse ta, ya shimfiɗa a kan dutsen murhu, ya ƙara iza wuta domin ta bushe da wuri. Sa'an nan ya zauna a kan turmi yana shirya maganganun da zai gaya wa ƙanensa. Maganganun kuwa duk gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya a ciki.

Matar ta dawo, ta sauke ruwa, ta ce, “Baban Tabita, na gamu da matar ƙanenka a rijiya, idonta ya kumbura. Mijinta ya ɗaure kayansa. Ya ce jibi Lahadi, kafin a buga ƙararrawa, zai kama hanyar ramin haƙar kuza. Wai ba shi da fuskar da zai duba jama'a da ita.”

Dukansu sun san wurin. Sun san mutum uku daga ƙauyen da suka tafi can da kunya irin wannan, ba wanda ya dawo yadda ya tafi.

Mutumin ya miƙe zumbur. “Ya tafi ina? Yanzun nan zan je in tara maƙwabta, in wanke shi tas a gabansu. Ran Lahadi kuma in tsayar da shi gaban ikilisiya. Ni ya kunyata, ni da nake yawo da sunansa gari-gari! Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.”

Matar ta ɗaga hanci ta shinshina, ta ce, “Baban Tabita, ganda kake babbaka mana?”

Suka juya wajen murhu. Safar ta bushe kam, ba sauran ɗigon ruwa a jikinta. Amma ta ƙanƙance, ta ƙandare, yatsunta sun lanƙwashe kamar ƙafar kaza. Ya ɗauko ta da sauri yana hurawa, ya yi ƙoƙarin zura hannu, sai ta tsage daga gindin babban yatsa har wuyan hannu. Ya ce, “Kawo manki, shafa mata.” Matar ta shafa, domin kada ya ce ba ta gwada ba. Man ya tsaya a sama yana ƙyalli, fatar ba ta sha ko kaɗan ba.

Ya ce, “Ai haka na yi wa fulogi, ya kuwa tashi.”

Ta ce, “Fulogi ƙarfe ne, bai taɓa yin rai ba. Fata kuwa da ranta a dā, ba ta kuma manta ba. Babana yakan ce wuta ba ta san bambancin ruwa da mai ba. In ta zo shan ruwan, har man da ke riƙe da fatar take shanyewa. Daga nan kuma ko tulu guda ka zuba mata, ba za ta karɓa ba.”

Tana faɗin haka ta leƙa bayan randa, ta zaro safa ta hagu wadda ta faɗa can tun jiya. Tana da danshi har yanzu, tana da laka, amma laushinta na nan. Ta ajiye su biyun a kan gwiwarsa, ta shiga madafa.

Mutumin ya daɗe yana dubansu. Ya ji kunya, ya kuma ji tsoro, domin ya gane inda ƙafarsa ta nufa ɗazu da abin da ke bakinsa. Can sai ya ɗaga murya kaɗan ya ce, “Maman Tabita, rigar fa?”

Ta amsa daga madafa, “Tana wurin wanda ya jiƙa ta. In ya cusa ta wani wuri ya rufe, kwana biyu ya ishi fumfuna ta cinye ta. Ɓoyewa ma kashewa take yi.”

“In an kawo ta, kwana nawa za ta yi kafin ta bushe?”

“A markan nan? A inuwa? Bakwai, in Allah ya taimaka.”

Ya ƙirga da yatsunsa, ya ga bakwai ta wuce Lahadi. Sai ya tashi ya tafi gidan ƙanensa, shi kaɗai, bai kira maƙwabci ko ɗaya ba.

Ya yi sallama. Ƙanen ya fito kansa a sunkuye, ya tsaya nesa kaɗan, yana jiran abin da ya san ya cancanta. Wan ya buɗe baki, duk maganganun da ya shirya a kan turmi suka taso masa har maƙogwaro. Ya haɗiye su. Ya ce, “Ina rigata?”

Ƙanen ya durƙusa ya jawo buhun daga ƙarƙashin rumbu. Da aka kwance bakin, wari ya fara tashi.

Wan ya ce, “Ɗauko ta ka biyo ni. Kai ka jiƙa ta, da kai za a gyara ta. Ni ina kan hanya kullum, matata kuma na da gona. Kai za ka riƙa juya ta safe da yamma.”

Ƙanen ya ce, “Yaya, ni jibi zan...”

“Na ji. In ta bushe sai ka tafi.”

Haka suka zo rumfa, matar ta nuna musu aikin. Ba a tsoma rigar cikin ruwa ba, ba a murza ta ba. Da jiƙaƙƙen tsumma aka bi lakar kaɗan-kaɗan, a share a wanke tsumman, a sake sharewa. Inda laka ta shige bakin ɗinki, da tsinke aka ciro ta. Aka juya aljihunan waje, aka cusa busassun tsummoki cikin hannuwan domin su tsotse danshin ciki. Sa'an nan aka rataye ta a kan sanda mai faɗi, a inda iska ke wucewa rana kuwa ba ta kaiwa. Safa ta hagu ma aka rataye ta kusa da ita. Tun safe har azahar suna wannan aiki, mazan biyu ba su yi magana ba sai “miƙo tsumma” da “riƙe nan.”

Asabar ta wuce. Ƙanen ya zo da safe ya juya rigar, ya sake tsummokin, ya zo da yamma ya sake. Kowane zuwa sai ya tarar uwar tuwo ta ajiye masa kwano a rufe, ba ta tambaye shi kome ba.

Ran Lahadi aka buga ƙararrawa. Ƙanen bai tafi majami'a ba, amma bai tafi ramin kuza ba. Ya zauna a rumfa kusa da rigar, wadda har yanzu in ka taɓa kafaɗarta sai ka ji sanyi. Wan ya wuce shi da littafin waƙoƙinsa a hannu, ya ce, “Sai mun dawo.” Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni kuwa ina gaya muku, a duk shekarunsa na hawan babur bai taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan shirun ba. Bayan sujada mutane suka kewaye shi suna neman labari, wasu da tausayi, wasu da ƙaiƙayin kunne. Ya ce musu, “Yana gidana, muna wani aiki.”

Ran Talata da yamma wan ya dawo daga hanya, ya zauna a rumfa yana kwance takalminsa. Ƙanen na tsaye yana gyara wa rigar zama a kan sanda, ya ba shi baya. Ba wanda ya tambaye shi, sai ya fara magana. Ya faɗi yadda aka kira shi, da yadda ya zauna, da yadda ya san tun ƙoƙon farko cewa ya yi kuskure amma kunyar tashi ta hana shi tashi. Bai rage kome ba, bai kuma ɗora wa kowa ba. Ya yi kuka irin na babban mutum, wanda ba ya fita da sauƙi.

A nan ne wan ya faɗi nasa, da murya ƙasa-ƙasa, yadda ko kajin gidan ba su ji ba. Ya ce, “Ka yi laifi. Ka yi wa Ubangiji, ka yi wa matarka da 'ya'yanka. Gindin ɗorawar nan kuma ka gama zama a can, in taki kake so ni zan kai ka in dawo da kai. Amma ka san abin da ya hana ni sukuni? Ba maganar mutane ba ce. Da ruwan nan ya tafi da kai, wa zan kira ƙane? Babur ana sayen wani.”

A rana ta bakwai matar ta taɓa rigar ciki da waje, ta ce ta bushe. Ta kawo kwalbar man kaɗanya ta miƙa wa ƙanen, ta ce, “Kada ka labta mata. Kaɗan-kaɗan, ka bar ta ta sha, sa'an nan ka ƙara.” Ya lakata ya shafa, ga shi kuwa fatar ta shanye nan da nan. Wan ma ya sa nasa yatsan, karo na farko a shekara goma sha huɗu. Kafin la'asar rigar ta dawo da laushinta. Sai dai a bayanta akwai shacin ruwa mai faɗin tafin hannu, wanda bai fita ba har yau.

Wan ya sa ta, ya motsa kafaɗunsa, ya ce, “Ta bushe. Na ce in ta bushe sai ka tafi. Ba zan tsare ka ba.”

Ƙanen ya dubi ƙasa. Sai matar ta ce, “Ƙaramin miji, in tafiya za ka yi, tsaya ka ci tuwo. In kuwa ba za ka yi ba, je ka kwance ƙunshin nan. Matarka na neman zaninta da ka ɗaure kaya da shi, mako guda ke nan ba ta da na zuwa sujada.”

Ya yi dariya, wadda rabonsa da ita tun ranar kasuwa. Ya tafi ya kwance ƙunshin. Ran Lahadi da ƙafarsa ya je wurin dattawan ikilisiya ya faɗi abin da ya yi, wansa na tsaye kusa da shi. Safar da aka gasa kuwa ba ta gyaru ba. Mai babur ya rataye ta a ƙusa cikin zaurensa, ya yi sauran daminar yana hawa da safa guda, hannunsa na dama yana shan sanyin safiya.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana: rigar nan ɗan'uwanka ne da ya faɗi. Rafin kuwa kowa da nasa. Na wani tulu ne, na wani fushi, na wata harshe, na wani abin da ba ya so a ambata. Ba wanda ya yi shekaru yana bin hanyar nan bai taɓa jiƙewa ba. Wanda ya ce bai taɓa ba, a tambayi matarsa.

In ɗan'uwa ya faɗi, abin da yakan fara yi shi ne abin da ƙanen nan ya yi, ya cusa kansa a buhu ya ɗaure baki. Ya daina zuwa sujada, ya sake hanyar zuwa gona don kada ku haɗu. Mu kuma sai mu ce, “A ƙyale shi, ba ruwanmu,” muna tsammani mun rufa masa asiri. Ba asiri muka rufa ba, fumfuna muka bar wa aiki. Dole wani ya tashi ya je ya ce, “Ina rigata?” Ku lura da kalmar. Bai ce ina rigar da ka ɓata ba. Tasa ce har yanzu, da lakarta da warinta.

Amma ba buhun ne ya fi ba ni tsoro a cikinmu ba. Murhun ne. Ku tuna mutumin nan bai gasa safarsa don ya ƙi ta ba. Don yana sonta ne, yana so ta bushe yau. Haka uba ke yi wa ɗansa, haka dattijo ke yi wa mai laifi, haka zumuntar mata kan yi wa 'yar'uwarsu a taro guda. Mu iza wuta, mu faɗi gaskiya da iyakar muryarmu a gaban jama'a, mu koma gida muna cewa kishin Allah ne ya ci mu. Laifin ma yakan bushe ɗin, mutum ya daina. Sai dai tare da laifin mun shanye ɗan man da ya rage masa, wato begen cewa har yanzu ana sonsa, har yanzu akwai wurinsa a kan benci. Daga ranar sai ya ƙandare. Bayan shekara ka je masa da alheri tulu guda, ka ga ya tsaya a sama bai shiga ba. Garin neman gira an rasa ido.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya hana tsautawa. Ban hana ba. An share lakar, har wadda ta shige bakin ɗinki sai da aka sa tsinke. An ce masa, “Ka yi laifi.” Ya kuma tsaya gaban dattawa. Amma a inuwa aka yi, aka jira, aka ciyar da shi tuwo kwana huɗu kafin a gaya masa kalma guda mai nauyi. Ashe ba haka Ubangiji ya yi da mu ba? Wa ke nan da aka busar rana ɗaya? Ni dai shekara nawa yana juya ni safe da yamma, yana shafa mini alherinsa kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda zan iya sha, har yanzu kuwa in aka taɓa wani wurin sai a ji danshi. Shacin ruwan ma yana nan a bayana. Bai hana shi ɗaukata ya yi aiki da ni ba.

Zan gaya muku abin da ya sa misalin nan bai bar ni ba. Ni ma ina da safa a ƙusa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, muna da wani mai kaɗa mana ganga, sunansa Filibus. Ya yi abin da bai kamata ba, ni kuwa a lokacin jinina na tafasa. Na tsaya a gaban mawaƙa duka na wanke shi tas. Ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba, har wasu suka yaba mini. Ya ajiye gangar a hankali, ya fita, bai sake taka ƙofar majami'a ba. Bayan shekara biyu na je gidansa da gaisuwa. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo mini ruwa, ya amsa mini da ladabi ƙwarai. Duk abin da na faɗa ya tsaya a sama. Har yanzu ina zuwa, har yanzu ina roƙon Allah, domin abin da ya gagari 'yar baduku bai gagari wanda ya halicci fatar ba. Amma da na sani a lokacin abin da na sani yau, da yanzu kuna jin gangarsa.

Saboda haka ina roƙonku, ƙaunatattu. Kowa a nan ya san wani da ke cikin buhu ƙarƙashin rumbu, na ga wasunku ma sun sunkuyar da kai. Kada ku bari ya ƙara kwana. Ku je ku kaɗai, ku bar muryar kasuwa a gida. Ku tafi da tsumma da ɗan mai da haƙurin kwana bakwai, in bakwai ba ta isa ba ku ƙara. In kuwa kun isa ƙofar, kuka ji maganganu masu zafi sun taso muku har maƙogwaro, dukansu kuma gaskiya ne, to ku tuna da ni da Filibus, ku haɗiye. Ɗan'uwanku ba fulogi ba ne.